Yadda Ake Korar Dattijo Daga Aiki Ba Tare Da An Haɗa Ido Da Shi Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta da lissafi, sa'an nan Ya bar masa zaɓin abin da zai aikata da su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Ya Allah Ka daidaita harshenmu, Ka tsare alƙalaminmu daga son zuciya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa da aka ɗora wa shugabancin masana'anta a Sharaɗa, ko Challawa, ko Bompai, ko ta hanyar gado, ko ta hanyar auren 'yar mai ita, albishirinka. Zamanin wahala ya wuce. A dā, mai masana'anta sai ya yi sammako, ya taka ruwan ƙazanta da ƙafarsa, ya shaƙi abin da ma'aikatansa ke shaƙa, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda mahaifiyarsa ke kwance. Mafi muni, in zai sallami mutum, sai ya kira shi, ya dube shi, shi ma ya dube shi. Kunya kuwa kaya ce mai nauyi. Ta hana mazan jiya barci, ta kuma hana su irin arzikin da kake shirin yi.

Yanzu sauƙi ya samu. Na'urar da a dā sai banki ko gwamnati ke iya mallaka, take cika ɗaki guda tana huci, yau ta ƙanƙance ta shige aljihu. Ta yi arha har mai sayar da rake yana da irinta. Ta yi sauri har takan yanke hukunci kafin zuciya ta yi nadama.

Wannan jagora za ta koya maka yadda za ka raba dattijo da hanyar abincinsa ba tare da idonka ya faɗa cikin nasa ba. Ba shaci-faɗi ba ce. An jarraba ta a wata majemar zamani a Challawa, a hannun Alhaji Jamilu, magajin marigayi Alhaji Baffa, a kan wani dattijo mai suna Mamman, ta kuwa ci. Wanda ya bi matakan nan daki-daki, an lamunce masa sakamako.

Mataki na ɗaya: Ka ɗauke ƙafarka daga wurin

Kada ka fara da korar kowa. Ka fara da janye kanka. Masana'anta wuri ne mai zafi da ƙara da ɗoyi, ba ta dace da shaddar da ta sha bugu ba. Ka kira masu haɗa kyamara su maƙala ta a kowace kusurwa, su jona ta da wayarka. Ka umarce su su ɗaga ta can sama, kusa da rufin kwano.

Haka Alhaji Jamilu ya yi ana tashi daga zaman makokin mahaifinsa. Daga falonsa na Nasarawa, cikin sanyin na'ura, da ɗan yatsa guda yake zagaya majemar kaf: ga manyan gangunan da ke juya fata, ga rumbun gishiri, ga sashen jiƙa inda ake tsoma fatu cikin ruwan farar ƙasa don gashi ya saki. Zagayen da mahaifinsa ke yi da sanda da tari da "sannunku da aiki" har rana ta take, shi yakan gama shi kafin shayinsa ya huce. In yana da umarni, sai ya naɗi muryarsa ya tura, ya kife wayar kafin amsa ta iso.

Fa'ida: hikimar ɗaga kyamara sama ita ce ba za ta nuna maka fuska ba, sai tsakiyar kai. Tsakiyar kai ba ta da ido, ba ta da furfurar gemu, ba ta kuma taɓa roƙon kowa komai ba.

Mataki na biyu: Ka sa mai gadin da ba ya jin Hausa

Mai gadi ɗan Adam yana da aibi babba: ana gaishe shi, yana amsawa. Saboda haka ka sayi na'urar dangwale, wadda ma'aikaci zai ɗora mata babban yatsansa da safe ta shaida ya zo. Iri-iri ne a kasuwa. Akwai mai gane fuska, akwai mai karɓar kati. Kai ka zaɓi mafi arha, ka sa mai sayarwa ya haɗa ta da manhajar da ke sallamar duk wanda fashinsa ya yi yawa, ba tare da an tashe ka daga barci ba.

A nan ya kamata mai karatu ya san Mamman. Ya zo Kano daga Damagaram tun gemunsa bai tsiro ba. Ya shiga sashen jiƙa tun majemar tana rumfar kwano, bai kuma sake fita ba. Ruwan farar ƙasar da ke cinye gashin akuya ba ya tambayar ko fatar da ta taɓa shi ta akuya ce ko ta mutum. Safar hannu takan zo, ta yage, a zauna jiran wata, aiki kuwa ba ya jira. Shekara bisa shekara ruwan nan ya lashe zanen yatsun Mamman, har suka koma sumul kamar bayan ludayi. Shi bai taɓa damuwa ba. Yatsun suna riƙe fata, suna jan carbi, suna kai loma baki. Me kuma ake nema a wurin yatsa?

Ranar rajista, Badi'a, ma'aikaciyar ofis mai kula da kwamfuta, ta yi ta danna yatsansa a kan gilashin na'urar. Ta goge, ta hura, ta sake dannawa, har na'urar ta karɓi wani abu dishi-dishi don a rabu lafiya. Daga ranar ba ta sake gane shi ba. Kowa ya ɗora yatsa, koriyar fitila ta kama. Mamman ya ɗora, sai ja, sai muryar wata mace ta ce masa da Turanci ya sake gwadawa.

Mataki na uku: Ka bar su su yi dariya

Ma'aikata za su mai da abin wasa. Kada ka hana su. Abin da aka yi wa dariya an dakusar da kaifinsa, kuma bakin da ke dariya ba ya kai ƙara.

A majemar Alhaji Jamilu sun raɗa wa na'urar suna Baturiya. Kullum da safe layi yakan cushe a bayan Mamman, Kanawa kuwa ba sa barin Badamagare ya wuce lafiya.

"Baba Mamman, yau ma Baturiya ta juya maka baya?"

"Ba ta son baƙin haure ne. Nuna mata fasfo!"

"Ku tafi can," in ji Mamman, yana goga yatsan a goshi ko ya samo ɗan maiƙo. "Ran da kakanninku suka ji bindigar Damagaram, wa ya tsaya tambayarmu fasfo?"

"To a gwada na ƙafa mana. Cire takalmi, Baba!"

Ya gwada na dama, ya gwada na hagu, ya gwada manuni, ya gwada ɗan ƙaramin. Ya taɓa masa yawu, ya hura masa iska, ya yi bisimilla ya sake ɗorawa. Ja. Sai Istifanus, shugaban sashen jiƙa, mutumin Kagoro, ya leƙo daga ciki ya ce, "Ku wuce kawai, Baba, fatu na jira. Ni na gan ku, kowa ya gan ku."

Mamman yakan wuce, ya yi aikinsa har la'asar sakaliya. A wayar Alhaji Jamilu kuwa, a gaban sunansa, jan ɗigo yakan ƙaru.

Mataki na huɗu: Ka riƙe mabuɗi, sa'an nan ka ɓoye hannun

Kowace na'ura tana da ƙofar gyara kuskure, kuma ƙofar tana da lambar sirri. Kada ka ba kowa lambar nan. In an tambaye ka dalili, ka ce amana ce. Kalma ce mai kwarjini, ba a cika ja da ita ba.

Da Badi'a ta ga jan ɗigo yana taruwa, sai ta aika aka kira mata Mamman. Ya tsaya a bakin ƙofar ofis, bai shiga ba, don kada ya jiƙa mata daɓe.

"Baba, kwamfuta tana nuna ba kwa zuwa aiki."

"To da wa kike magana yanzu, 'yar nan? Da aljani?"

"Wallahi na sani, Baba. Amma ba ni da ikon taɓawa, lambar tana wurin Alhaji. In ɗigon nan ya cika, ita da kanta za ta sallame ku."

"Ita wa?"

"Kwamfutar."

"Ita ta ɗauke ni?"

Badi'a ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai tarbiyya, saboda haka ta zauna ta rubuta wa Alhaji Jamilu dogon saƙo, ta bayyana masa ruwan farar ƙasa, da yatsa, da jar fitila. Saƙon ya same shi a Abuja, a wurin walimar auren wani abokinsa. Ya ga tsawonsa, ya karanta gaisuwar da ke samansa, ya mayar mata da ɗan hoton nan na babban yatsa a ɗage. Badi'a ta yi hamdala, ta gaya wa Mamman maigida ya amsa, ta zauna jiran lamba. Lamba ba ta zo ba.

Faɗakarwa: wannan ɗan hoto yana cikin manyan abubuwan da zamani ya tanadar wa shugabanni. Ba i ba ne, ba a'a ba ne. Mai ƙorafi zai koma gida da farin ciki, kai kuma ba ka furta alkawarin da za a kama ka da shi ba.

Mataki na biyar: In shaidu biyu suka saɓa, ka bi wanda ba zai tashe ka daga kujera ba

Za a samu mai taurin kai a cikin ma'aikatanka wanda zai buga maka waya. Ka ɗauka sau ɗaya, don kada a ce ba ka ɗauka.

"Yallaɓai," in ji Istifanus, yana ɗaga murya saboda ƙarar ganguna, "don Allah ku buɗe kyamarar sashenmu. Ga shi nan a bakin rami, mai farar hula. Baba, ku ɗaga hannu! Ku ɗaga sosai!"

Mamman ya ɗaga hannayensa biyu sama, farin ruwa yana gangarowa ta gwiwar hannunsa. Ya ɗaga kai yana neman ɗan baƙin ƙwallon gilashin da ke manne a kwano. Bai san ko ana kallonsa ba, bai kuma san yaushe zai sauke ba.

Alhaji Jamilu ya duba. Ya ga hula, ya ga hannaye.

"Istifanus, ni kawuna nake gani. Ta yaya zan san kan wane ne? Ai shi ya sa aka kawo na'ura, don a daina wannan na-gan-shi-ya-gan-ni. In na gyara wa mutum ɗaya, gobe kowa yatsansa ya goge. A bar tsari ya yi aikinsa."

Mas'ala: kyamara ta ce ya zo, na'urar dangwale ta ce bai zo ba. Alƙalan ƙwarai, in shaidu suka saɓa, sukan binciki adalcin kowanne, su kira wanda ake magana a kansa su ji ta bakinsa. Wannan hanya ce mai tsawo, kuma tana ƙarewa da haɗa ido. Kai ka rinjayar da shaidar da ta bar ka a zaune.

Da aka tashi aiki, Istifanus ya ja Mamman gefe.

"Baba, yatsuna goma ne, ɗaya kawai Baturiya ta sani. Mai gyaran na'urar zai zo, kuma ɗan cocinmu ne. A sa na hagun nan da sunanku. In na dangwala nawa, in dangwala naku, shi ke nan."

Mamman ya dube shi.

"In ci abinci da yatsan wani? Kullum da safe ka yi ƙarya domina, ni kuma in wuce in je in yi alwala? Da ƙafata nake zuwa, ɗan Kagoro, ba sata na zo yi ba. Allah Ya yi maka albarka, bar shi. Alhaji ɗan Alhaji Baffa ne. Ran da ya gan ni, magana ta ƙare."

Fa'ida: kada ka ji tsoron mai tsoron Allah. Shi ne mafi sauƙin kora, domin ko an rufe masa ƙofa ba zai bi ta taga ba. Amma ka lura da abin da ya dogara a kai: ran da ka gan shi. Duk sauran aikinka shi ne hana wannan rana zuwa.

Mataki na shida: Ka bar saƙo ya yi maganar

Ɗigo ya cika wata safiya. Babu wanda ya danna komai. Saƙo ya shigo 'yar ƙaramar wayar Mamman, da Turanci mai ladabi, wanda ya buɗe da girmamawa ya rufe da fatan alheri. Ya miƙa wa 'yarsa Hafsat, wadda ta yi makaranta. Ta karanta.

"Me suka ce?"

"Sun ce sun gode, Baba."

"Da me?"

"Sun ce saboda yawan fashi, daga yau..."

Mamman ya sa hularsa ya tafi aiki. A bakin get, mai buɗe wa motoci ya tare shi yana kallon ƙasa, ya ce an ce sunansa ya fita. Mamman bai yi gardama da shi ba, don ya san ba shi ya fitar ba. Ya tsallaka titi, ya zauna a gindin darbejiya kusa da masu sayar da shinkafa da wake, yana jiran motar maigida. Haka ya yi washegari, haka ya yi bayanta. Masu abinci suka saba da shi, har sukan bar masa tukwane in za su je ɗebo ruwa.

Motar ba ta cika zuwa ba. In ta zo, baƙin gilashi ne da ita, get yakan buɗe tun tana nesa, ya rufe kafin dattijo ya gama miƙewa.

Ka sa wa motarka baƙin gilashi. Wannan ba ya buƙatar sharhi.

Mataki na bakwai: Ka kiyayi sahu

A nan ne Alhaji Jamilu ya yi tuntuɓe, kuma an kawo labarin ne don kada ka faɗa inda ya kusa faɗawa.

Akwai wuri guda a masana'antarka da ba a dangwala yatsa kafin a shiga, ba a kuma hana kowa. Marigayi Alhaji Baffa ya gina masallacin majemarsa a jikin katanga, ƙofa ɗaya ta ciki, ɗaya ta titi, don direbobin tirela su riƙa samun jam'i. Mutanen dā ba su da hangen nesa.

Wata rana wasu 'yan kasuwa suka zo daga Masar sayen fata. Mutane ne da ba su waye ba: an tura musu hotuna masu kyau, suka ce sai sun taɓa da hannunsu. Dole Alhaji Jamilu ya zo da kansa, da hankici mai turare a hanci, yana nuna musu sassan da shi ma yau ya fara ganinsu daga ƙasa. Suna cikin haka aka kira Azahar. Ya yi niyyar kai su otal, sai babban cikinsu ya naɗe hannun riga ya nemi buta. Babu mafita.

Istifanus bai jira komai ba. Ya fita, ya tsallaka titi da gudu.

"Baba, ku tashi. Ya shiga masallaci."

Mamman ya yi alwala a natse, ya shiga ta ƙofar titi ana tayar da iƙama. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a toshe ɓaraka. Ɓaraka kuwa guda ce a sahun gaba, a daman Alhaji Jamilu, domin ma'aikata sun ja jiki kada su ɓata masa farar shadda. Mamman ya toshe ta. Kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, ƙafa da ƙafa. Alhaji Jamilu ya ji warin farar ƙasa da ya riga ya zauna a jikin dattijon, ya ɗan matsa hagu. Mamman ya bi shi, kamar yadda aka koyar.

Aka yi sallama, aka shafa addu'a. Mamman ya miƙa hannu. A gaban baƙi, a cikin ɗakin Allah, babu yadda za a ƙi karɓa. Alhaji Jamilu ya ba shi nasa, Mamman ya rufe shi da hannu biyu, bai saki ba.

"Alhaji, barka da rana. Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Daga ina?"

"Daga sashen jiƙa. Ni ne Mamman, wanda ba ya zuwa."

Waɗanda suka miƙe za su fita suka koma suka zauna.

"Ran sunanka ni na feɗe ragon. Fatar ma ni na jeme ta, a kanta aka koya maka zama. Ba roƙo na zo yi ba, ranka ya daɗe. An ce kai kaɗai ne za ka iya gaya wa na'ura ta yi kuskure. To ga ni. Ka gan ni?"

Ya ɗan'uwa, a nan jagorar nan ta kusa rushewa. Alhaji Jamilu ya ji hannun da ke riƙe da shi, mai tauri kamar itace, mai santsi kamar sabulu. Ya ɗaga kai, ya ga ido. Wani abu na mahaifinsa da ya daɗe yana barci ya motsa a ƙirjinsa, har leɓɓansa suka fara rabuwa. Da ya ƙara numfashi ɗaya a haka, da duk abin da aka kashe a kan na'urori ya tafi a banza.

Abin da ya cece shi, hannunsa na hagu a sake yake, wayar kuma tana aljihun hagu. Ya zaro ta, ya sauke idonsa a kanta, ya rubuta sunan da ɗan yatsa.

"Baba, nan an nuna an riga an rufe fayil ɗinku. In an rufe, sai kamfanin manhajar, su kuma a Legas suke. Za a duba."

"Ni ba a Legas nake ba, Alhaji. Ga ni a hannunka."

"Za a duba, in Allah Ya so."

Babban baƙon ya matso, ya tambaya da Turanci me dattijon ke so. Alhaji Jamilu ya yi murmushi ya ba shi amsa da Turanci, cewa tsohon mutumin mahaifinsa ne, yakan zo ya yi addu'a a ba shi ɗan abin da ya sauƙaƙa. Don baƙon ya fahimta sarai, sai ya ƙara da kalmar da duk masallacin ya ji, ya ce, "Sadaka."

Baƙon mutumin kirki ne. Nan take ya sa hannu a aljihu, ya ɗora takardar kuɗi a bayan hannun Mamman, yana yi masa addu'a da Larabci.

A lokacin ne Mamman ya saki. Ya ɗauki takardar, ya ajiye ta a kan tabarma a gaban mai ita, a hankali, don kada ya ji kunya. Ya ce, "Na gode, bawan Allah. Ba ita na zo nema ba." Ya miƙe ya fita ta ƙofar titi.

Istifanus yana tsaye a waje riƙe da takalman dattijon. Ya sunkuya ya jera masa su.

"Ya gan ku, Baba?"

"Ya gan ni."

Darasi: wayarka ta kasance a aljihun hagu. Da dama ake gaisawa.

Mataki na takwas: Ka toshe taka ɓarakar, sa'an nan ka huta

Mai hankali ba ya tuntuɓe sau biyu a kan dutse ɗaya. Kafin mako ya zagayo, Alhaji Jamilu ya sa an shimfiɗa darduma mai laushi a wani ɗaki kusa da ofishinsa na sama, don sallar manyan baƙi. Ƙofar masallaci ta titi kuma aka sa mata kwaɗo, aka ce saboda tsaro. Ita ma kalma ce da ba a ja da ita. Direbobin tirela sun koma shimfiɗa kwali a gefen kwalta.

Ba a ma buƙaci kwaɗon ba. Mamman bai sake zama a gindin darbejiya ba. Masu shinkafa da wake sun tambayi Hafsat, ta ce ya ɗaure kayansa ya koma Damagaram wurin ƙaninsa. A wayar Alhaji Jamilu, shafin halartar aiki ya koma kore shar, manhajar har ta taya shi murna.

Daga nan babu sauran aiki a kanka, domin tsarin yana ciyar da kansa. Ruwan farar ƙasa bai daina cin abin da yake ci ba. Wanda ya fi tsoma hannu, shi yatsansa zai riga gogewa, shi na'ura za ta riga mantawa. Malalacin da ke laɓewa bayan rumbun gishiri kuwa zanensa zai zauna raɗau har tsufa. Haka majemarka za ta riƙa tace kanta, kana falo.

A makon jiya, da safe, Istifanus ya ɗora yatsansa, Baturiya ta ce masa ya sake gwadawa. Layi ya tsaya a bayansa. Babu wanda ya yi dariya.

Barranta

Marubucin wannan jagora ya barranta daga duk abin da ya biyo bayan aiki da ita. Lamunin da aka yi a farko yana aiki ne daga falonka zuwa bakin kabarinka, bai ƙetare nan ba ko da taku ɗaya. Gaba akwai wani taro da ba a halartarsa ta waya, ba a aika wakili, ba a shiga da baƙin gilashi. Wanda Ya zana yatsun bayi tun farko Mai iko ne Ya mayar da zanen yadda yake, layi bisa layi, kuma a wurin gaɓoɓi ne za su ba da shaida. In aka tsayar da kai gaba da gaba da wani dattijo, kada ka ambaci sunan marubucin nan. Zai kasance cikin nasa sha'anin.

Allah Ya jiƙan Alhaji Baffa, Ya jiƙan majeman da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda aka san sunayensu da waɗanda aka manta, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya ba ka arziki mai albarka, Ya bar maka kunyarka, Ya sa duk wanda ke cin abinci a ƙarƙashinka ya sami fuskarka in ya neme ta. Amin.